Siririya Ta Tafi da Muryar Hajja Gumsu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama yarda da abin da ya faru ba, Malama Fanne Mohammed ta Ngojin a nan Potiskum, a madadin kanta da 'yan uwanta da sauran zuriyar marigayiya Hajja Gumsu, take sanar da dangi da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar abokiyar zamanta, wato kwamfutarta ta hannu, wadda aka fi sani a gida da suna Siririya. Ta rasu a farkon daminar nan bayan doguwar jinya, aka kuma tabbatar da rasuwar a Kano makon jiya daga bakin wanda ya san aikin.

Malama Fanne ta san ƙarfe ba rai ba ne. Malamar makaranta ce, ta kuma zauna gaban malaman addini daidai gwargwado, ba ta haɗa wannan rashi da rashin ɗan Adam. Sai dai tun da abin ya faru, duk wanda ya gamu da ita a hanyar makaranta ko a kasuwa sai ya dubi fuskarta ya tambaya wa aka rasa. Ita kuma ta gaji da cewa babu kowa, domin amsar ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Shi ya sa ta ga gara a faɗa sau ɗaya, kowa ya ji, a huta.

Babu wanda ya san garin da aka haifi marigayiya Siririya. An dai ce daga ƙetare ta zo a cikin kwalin kayan gwanjo, bayan ta yi wa wani bauta har ya gaji da ita. Bilyamin, ƙanin Malama Fanne kuma autan Hajja Gumsu, wanda ke aiki a Abuja, shi ya gan ta ya sayo wa yayarsa, a shekarar da aka ɗora mata aikin haɗa sakamakon jarrabawa a makarantarsu. Ya zo da ita hutun Babbar Salla. A tsakar gida ya zaro ta daga jaka kamar mai zaro takarda, ya miƙa wa mahaifiyarsu ta sa albarka. Hajja Gumsu, wadda duk Ngojin ta sani da turaren wuta da humra, tana zaune gaban kaskonta. Ta karɓa, ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ce da Hausarta da ba ta taɓa rabuwa da Kanuri ba, "Wannan siririyar ce za ta yi aikin? A garinsu ba sa ba ta abinci?" Sunan da ya bi ta ke nan har ƙarshen kwananta.

A wannan zaman ne aka soma gardamar da ta rayu tare da marigayiya. Mahdi, babban wansu, yana da shago kusa da tasha inda ake buga takardu, yana kuma gyaran kwamfutoci. Nasa injinan irin masu kaurin nan ne, masu nauyi, masu nishi kamar bijimin da ya sha tafiya zuwa kara, kasuwar shanu. Ya karɓi Siririya ya kifa ta a cinya yana neman 'yar ƙofar da ake kwancewa a ƙasa, bai gani ba.

"Ta ina ake ƙara mata ram?" ya tambaya. Ram kuwa ita ce tabarmar da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da ke hannunta. In ta yi ƙaranci, sai aiki ya hau kan aiki.

"Ba a ƙarawa, Yaya," in ji Bilyamin. "A liƙe take da dalma a jikin bod, faifan da komai ke zaune a kai. Ma'ajiyar ma haka."

"Har ma'ajiyar? Wato ranar da ta faɗi, ba za a zare abin da ke cikinta a kai wata ba?"

"Me zai kayar da ita? Abin da ake zarewa shi ke girgiɗewa. Taka in ta hau Keke ta bi hanyar Danchuwa, sai ka buɗe ta ka sake danna ram ɗin kafin ta tashi. Wannan babu abin da ke motsi a cikinta. Kuma da yake komai na maƙwabtaka da komai, ta fi sauri, ba ta shan batir. Ka caja ta da safe ta kai ka magariba. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, wanne ya fi?"

Mahdi ya ce, "Mutum ne ya gina rumbu ya toshe ƙofar da siminti, wai don kada ɓera ya shiga. To ranar da jinka ta kama wuta fa?"

Hajja Gumsu ta ce su tashi su duba suya kafin ta ƙone. Suka tashi. Amma daga ranar, babu Sallar da aka yi, babu sunan da aka raɗa a dangi, da ba su koma kan wannan magana ba. Bilyamin yakan ce mutum nawa ne cikin masu sayen kwamfuta suka taɓa ƙara mata wani abu, me zai sa kowa ya ɗauki nauyin ƙofar da ba zai buɗe ba? Mahdi yakan ce masu kuɗin can ba sa ƙarawa don sabuwa suke saye, mu da muke gadon abin da suka yar, ƙarin nan shi ne ranmu. Malama Fanne takan saurare su tana yankan albasa, ba ta taɓa shiga ba. A ganinta maganar maza ce, irin ta ƙwallo, ba ta shafi kowa ba.

Marigayiya mai kunya ce, mai ƙarancin magana. In an buɗe ta, sau ɗaya take gaisuwa, tiin, kamar an taɓa bakin kofi da cokali, daga nan ba za a sake jin ta ba. Ba ta nishi, ba ta huci, ko a tsakiyar bazara jikinta ba ya wuce ɗumi. Abin da ake ji kawai shi ne yatsun Malama Fanne a kan haruffanta, ƙas-ƙas-ƙas, kamar 'yan tsaki sun sami gero a faifai. Ta riƙe sunayen ɗalibai aji-aji, ba ta taɓa ɗora makin wani a kan wani ba. Ta yi tafiya a jaka ɗaya da mayafi da man zafi har Gadaka, lokacin da aka tura Malama sa ido a jarrabawa, ta dawo ba ta yi ko tari ba. Kuma a faɗi gaskiya a kan mamaci: abin da Bilyamin ya ce game da batir haka yake. Sau da yawa malamai na cunkushe a ofis suna rigimar soket ɗaya, Malama Fanne tana gindin darbejiya da Siririya a cinya, aikinta na tafiya.

Sai dai babban aikin da marigayiya ta yi a duniya ba na makaranta ba ne. Sauraro ne.

Hajja Gumsu ta zo Potiskum daga ƙasar Borno tana amarya, ta tsufa a nan, jikokinta suka tashi Kanurinsu bai wuce gaisuwa ba. Malama Fanne ta daɗe tana son ta ɗauki muryarta, amma duk ranar da ta kusanto da waya sai tsohuwar ta rufe baki. "Ɗauke min wannan 'yar tsegumin," take cewa. "Abin da ta ji a nan, kafin la'asar an ji shi a Maiduguri." Siririya ce kaɗai ta yarda da ita, wai don tana da murfi, in ta gama ji takan rufe bakinta kamar mutumin kirki. Amma sai da ta gindaya sharaɗi. "Abin da na faɗa wa wannan ya tsaya a cikin wannan. Kar ki zuba ni a waya. Kar ki kai ni shagon Mahdi, inda kowane ɗan tasha ke sa hannu." Malama Fanne ta yi alkawari.

Haka suka riƙa zama bayan la'asar, su uku, Hajja tana haɗa turare, Siririya tana buɗe a kan kujera 'yar tsuguno. A mafi yawan waɗannan ranaku babu wuta a unguwar, marigayiya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta ji waƙoƙin daka da na niƙa. Ta ji yadda aka taho da amarya a bayan babbar mota, tana kuka tana riƙe da ƙwaryar uwarta. Ta ji sunayen 'ya'yan da Hajja ta binne kafin Mahdi ya tsaya, waɗanda ko Malama Fanne ba ta san an yi su ba. Ta ji abin da ya shiga tsakanin Hajja da mahaifinsu a shekarar fari, maganar da uwa ke faɗa wa 'ya mace ba ta faɗa wa namiji. Ta ji dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari, da faɗan da take wa akuya a tsakiyar labari, sannan ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?"

Da Allah ya karɓi ran Hajja Gumsu, aka share makoki, gidan ya yi shiru, sai ya zama Siririya ce kaɗai ke iya mayar da ita tsakar gida. Malama Fanne takan dawo daga makaranta ta buɗe, tiin, sannan muryar uwarta ta cika ɗakin, ta yi girki tana ji ana mata faɗa a kan gishiri. Mahdi ma ya ƙirƙiro dalilan biyowa ta gidan. Yakan zauna a bakin ƙofa, ta kunna masa abin da ya halatta ya ji, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, sannan ya tashi ya tafi.

Ciwon ajali ya soma ne a hankali. Wata rana marigayiya ta nuna saƙo cewa cikinta ya kusa cika. Daga nan ta fara nauyin jiki. Duk lokacin da aka sabunta mata manhaja sai sabuwar ta zo da faɗin da ya fi na da, tabarmar kuwa ita ce dai ta jiya. In an buɗe takardar sakamako sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ita kuma ta yi tsit, kamar tsoho yana neman sunan jikansa. Malama Fanne ta ɗauke ta ta kai wa Mahdi gida, ba shago ba.

"Yaya, ka ƙara mata. Ko me ake saye a saya."

"Fanne, babu inda zan sa. Da irin nawa ce, kafin ki sha ruwa na gama. Wannan yadda aka haife ta haka za ta mutu."

Ya kira Bilyamin ya sa wayar a fili. Bilyamin ya ce ai ba a tara kaya a cikin kwamfuta yanzu, sama ake turawa, a ajiye a intanet. Mahdi ya tambaye shi da wane sabis, da wace data, ko ya manta a Ngojin sai an fita bakin titi hoto ɗaya ke tafiya. Bilyamin ya ce laifin sabis ba laifin kwamfuta ba ne. Mahdi ya ce wanda ya ɗinka riga bai auna mai sawa ba, shi ke da laifi. Malama Fanne ta bari suka yi shiru, sannan ta ce ko da sabis ɗin Abuja ne a ɗakinta, ba za ta tura Iya inda ba ta san wa ke tsaron ƙofa ba. Mahdi ya ce to ta bar masa ita yini ɗaya ya kwashe komai a wani faifan ajiya a shago. Ta ce ya san abin da Iya ta ce game da shago. Ya sani. Bai sake tayar da maganar ba.

Sai ta koma yi wa majinyaciya magani da abin da ke hannunta. Ta goge fina-finan yara. Ta goge darussan da ta yi shekaru tana tsarawa. Ta goge hotunan bikinta, tana cewa ai ango na nan da ransa, in tana son ganinsa ta leƙa zaure. Duk abin da ta goge, marigayiya takan ɗan sami numfashi na wasu makonni, sannan ta koma gidan jiya. Daga ƙarshe Malama Fanne ta yi wa kanta fatawa cewa filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ba waya ba ne, ba kuma shago ba ne, abu ne da zai kwanta a ƙasan adaka babu mai taɓawa. Ta sayi ɗaya a kasuwa, sabo fil a ledarsa, an rubuta masa ciki mai girma a goshi. Ta kwashe komai ta zuba. Ta duba ta ga sunayen duka sun jeru. Ta ƙulle shi a bakin wani tsohon ɗankwali, hankalinta ya kwanta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, an kwana ana ruwa, an kuma yi kwanaki babu wuta. Batirin da a da yake kai magariba ya tsufa, shi ma a manne yake a ciki. Da aka ji yara a waje suna murnar an kawo wuta, Malama Fanne ta yi sauri ta jona Siririya. Wutar ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Fankar ɗaki ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ƙwan fitila ya fashe. Marigayiya, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta yi wata 'yar ƙara, ɗas, kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Fuskarta ta yi baƙi, wani siririn wari na ƙonanniyar roba ya tashi ya gauraya da ƙamshin turaren da ya kama jikinta tun zamanin Hajja.

Malama Fanne ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta danna maɓallin, ta sake dannawa, ta riƙe shi, ta saki. Sannan ta tuna da filash, ta ce alhamdulillahi. Mahdi ya zo da ɗaya daga cikin injinansa masu nauyi ya ajiye a tsakar ɗaki, suka jona. Sunayen suka fito reras, kamar yadda ta gan su. Ta danna waƙar daka, babu komai. Ta danna labarin babbar mota, babu komai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, suna a waje, ciki fayau. Mahdi ya daɗe yana dubawa kafin ya ce irin filash ɗin nan ne da ake wa ƙaryar ciki: ɗan mitsitsi ne, amma an koya masa ya ce shi babba ne, ya karɓi duk abin da aka ba shi ya zubar ta baya, ya riƙe suna kawai.

A nan ne ta zauna a ƙasa.

Ba a bar marigayiya babu neman magani ba, kada wani ya ce an yi sakaci da gawa. Mahdi ya aro sukudireba na musamman, domin ko kusoshinta ba irin na kowa ba ne, ya buɗe ta karo na farko a rayuwarta. Ya nuna wa ƙanwarsa wasu 'yan baƙaƙen duwatsu a jere, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba, a kwance cikin dalma. Ya ce Iya na nan cikin waɗannan, amma hannunsa bai kai ya taɓa su ba. Bilyamin ya baro Abuja ya taho. Su uku suka shiga mota zuwa Kano, Siririya na naɗe a cinyar Malama Fanne. Kafin a kai Azare 'yan'uwan sun ɗan taɓa gardamar, Bilyamin yana cewa wuta irin wannan ko injin Mahdi ne sai ta kashe shi, Mahdi yana cewa ƙwarai za ta kashe shi, amma da ya zare faifan ajiyar ya sa a aljihu ya bar gawar. Malama Fanne ta ce, "Don Allah ku bari." Suka bari.

A Kano aka kai su wurin Injiniya Zulkifli, wanda aka ce in bai iya ba babu mai iyawa. Ya sa bod ɗin ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya auna nan ya auna can, ya daɗe. Sannan ya juyo da kujerarsa ya fuskanci Malama Fanne, don ya gane ita ce mai gawa.

"Hajiya, duwatsun ajiyar da alama lafiyarsu ƙalau. Zan iya narka dalmar in ɗaga su, ba shi ne wahalar ba. Abin da ke cikinsu a kulle aka rubuta shi, makullin kuma yana cikin wancan babban dutsen, ƙwaƙwalwar injin. Shi ne ya ƙone. Ko na ɗora su a kan wani bod, baƙi ne a wurinsa, ba zai karanta ba."

Bilyamin ya ce, "In aka aika ta waje fa, wurin waɗanda suka ƙera ta?"

"Za su canza bod ɗin gaba ɗaya, su dawo maka da ita tana aiki, babu komai a ciki."

Malama Fanne ta ce, "Wato muryar tana nan a ciki."

"Tana nan, Hajiya."

"Amma ba za ta fito ba."

"Ba za ta fito ba. Da zan ce miki wani abu dabam, da na cuce ki."

A hanyar dawowa babu wanda ya ci abinci. An wuce Wudil kafin Bilyamin ya ce, kamar da kansa yake magana, kullewar nan don ɓarawo aka yi ta, don in an sace kada a karanta sirrin mutum, abu ne mai kyau. Babu wanda ya musa masa. Mahdi, wanda kowa ya zaci zai ce ai na faɗa, bai faɗa ba. Ya dubi taga ya ce da irin injinsa aka kawo wa Fanne, da ba a ɗauki ko rabin maganar Iya ba, don kafin ta gama bisimilla batir ya mutu. Ya ce abin da ya sa aka samu shi ne ya sa aka rasa. Da Malama Fanne ta tambaye shi ko zai nemo mata wata mai ƙofa, sai ya ce zai duba, amma kada ta sa rai da yawa: kwalayen gwanjon da ake saukewa yanzu, mafi yawansu 'yan'uwan Siririya ne, masu kyau, marasa nauyi, a toshe. Ya ce da can mataccen injin Turawa in ya zo Potiskum sai ya sake rayuwa, a ƙara masa nan a canza masa can, ya yi wa yara karatu har su yi aure. Nan gaba gawa za a riƙa aiko mana tana tafiya da ƙafarta, ta faɗi a hannunmu. Ya ce shi kansa bai san abin da zai riƙa gyarawa ba in nasa suka ƙare. 

Marigayiya ta rasu tare da cajarta, wadda ta riga ta da ƙiftawar ido. Ta bar jakarta, wadda har yanzu ke rataye a ƙusa da siffar jikinta. Ta bar filash ɗin nan, wanda iyali ba sa ƙirga shi cikin dangi. Ta bar ɗaliban da sakamakonsu na wannan zango sai da aka koma haɗa shi da biro. Ta bar Malama Fanne, wadda har yanzu in ta dawo daga makaranta hannunta kan tafi wurin kujera 'yar tsuguno kafin ta tuna. Ta bar Mahdi, wanda ya rasa dalilin biyowa ta gidan amma yana biyowa. Ta bar Bilyamin, wanda ya sayo ta da zuciya ɗaya, yanzu kuma yake kira kullum yana tambayar lafiyar yara, ya kasa tambayar abin da ya kira dominsa. Ta bar Rauda, babbar 'yar Malama Fanne, wadda ke da tsohon ciki a gidan mijinta, wadda kakarta ta rera wa waƙar reno ta Kanuri a gaban Siririya ta ce a ajiye wa ɗanta. Malama Fanne tana tune da karin waƙar, tana tune da farkonta. Ta tambayi tsofaffin da suka rage cikin 'yan Borno na unguwar, kowacce ta rera mata tata, babu wadda ta zo daidai.

Ba ta bar gado ba. An duba ko akwai abin da za a ciro a taimaki wata majinyaciyar, kamar yadda aka saba yi wa na gaba da ita, aka tarar komai nata nata ne, ba ya shiga jikin kowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a tsohon gidan Hajja Gumsu da ke Ngojin. Babu wanka, babu salla, babu zuwa maƙabarta, don an san matsayinta. 'Yan jari-bola sun riga sun zo tambaya, an ba su haƙuri, ana roƙonsu kada su dawo. Za a naɗe ta a lafayar da Hajja ta fi son yafawa, a kwantar da ita a ƙasan akwatin ƙarfe, a rufe. Bilyamin ya ce wataƙila wata rana a gano hanya. An bar shi ya faɗa.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tambayi Malama Fanne ko ba ta kwafa a wani wuri ba. Wanda yake da ra'ayi a kan dalma da ƙofa, ko na Mahdi ne ko na Bilyamin, ya ajiye shi a zaure tare da takalminsa, su kansu masu gardamar a kan tabarma ɗaya za su zauna.

Kafin a tashi, Mahdi zai kawo injinsa gida a kunna abu ɗaya da aka samu da rai a ƙasan filash ɗin bayan an tsefe shi kaf. Gwaji ne da aka yi a ranar farko don a ji ko na'urar na ɗauka, bai kai tsawon hamma ba. Muryar Malama Fanne ce ta fi yawa a ciki, tana cewa, "Iya, ki yi magana, tana ji." Sai ƙarar awarwaro, sai Hajja Gumsu ta gyara murya ta ce, "To me zan ce mata?" A nan ya yanke.

Za a kunna shi sau ɗaya, a yi wa Hajja addu'a, kowa ya kama gabansa.